Yadda za ki gane ranar fitar ƙwai

Mata da yawa sun riƙe cewa ƙwan kowace mace a rana ta 14 yake fita. Wannan lissafin mai zagayen kwana 28 ne kaɗai, kuma dogaro da shi ya sa wasu sun daɗe suna jiran ciki, wasu kuma sun samu ba shiri.

Ki fara da rubutawa. Ranar da kika ga jini ita ce rana ta ɗaya, ba ranar wankan tsarki ba. Ki riƙa sa alama a kalanda har wata shida, kina ƙirga kwanaki daga farkon al'ada zuwa jajibirin ta gaba. Ƙwai yakan fita kimanin kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, saboda haka da baya ake lissafi. Mai kwana 32, nata wajen rana ta 18 ne. Mai kwana 24 kuwa wajen rana ta 10. Ƙwan ba ya wuce awa 24 da rai, amma maniyyi yana iya kwana biyar a jikin mace yana jira. Ke nan kwanakin ɗaukar ciki shida ne: biyar kafin fitarsa, da ranar kanta.

Amma kalanda hasashe ce, zazzaɓi ko damuwa ko tafiya sai su gusar da ranar. A ganina shaidar jikinki ta fi. Bayan ɗaukewar jini gaba yakan bushe, sai wani farin ruwa mai kauri ya biyo. In lokaci ya matso, ruwan yakan tsinke, ya yi garau da santsi, yana yauƙi tsakanin yatsu biyu kamar ruwan ɗanyen ƙwai. Wannan ba ciwon sanyi ba ne, kada ki nemi magani. Na sanyi shi ne mai wari ko ƙaiƙayi. Ki kuma bar cusa kayan mata, don suna ɓata wannan alamar. Lokacin fitar ƙwan, wasu matan sukan ji ɗan ciwo a gefe ɗaya na mara.

A kemis akwai tsinken gwajin fitsari na fitar ƙwai, daban da na gwajin ciki. In ya nuna, ƙwai zai fita cikin awa 24 zuwa 36. Auna zafin jiki da asuba kuwa bayan ƙwan ya fita yake shaidawa.

Mai neman ciki, ki kusanci maigida kullum ko bayan kwana bibbiyu tun ranar da yauƙin ya fara. In kina da abokiyar zama kuma girkinki ba ya faɗowa a kwanakin, a zauna a daidaita cikin mutunci, ba abin kunya ba ne.

Mai son tazara, sai ki ƙara kula. In zagayenki bai fita daga kwana 26 zuwa 32 ba, ki ɗauki rana ta 8 zuwa ta 19 a matsayin kwanakin ɗaukar ciki, ku haƙura ko a sa kwaroron roba. Duk da haka, cikin mata 100 masu bin wannan hanya, kimanin 12 kan yi ciki a shekara. In al'adarki na rikicewa, ko likita ya ce ciki haɗari ne gare ki, ki je sashen tazarar haihuwa a zaɓa miki hanya mafi tabbas. Mai goyo kuma ta sani ƙwai kan fita kafin jinin farko ya dawo. Shayarwa tana karewa ne kawai in jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. In ɗaya ya saɓa, kwanika na iya faruwa.

In kun shekara kuna nema shiru, ko wata shida ga wadda ta haura shekara 35, ku je asibiti ku biyu. Maigida, a gwada ka kai ma, domin matsalar takan fito daga ɓangaren namiji, kuma gwajinka ya fi nata sauƙi.