Kakar Inabi a Yankin Cape: Abin da Matafiyi Zai Sani Kafin Ya Kama Hanyar Stellenbosch

A watan Fabrairu, lokacin da hunturu ke ban kwana da ƙasar Hausa, can a ƙarshen Afirka ta Kudu tsakiyar zafi ake ciki, kuma inabi ya nuna. Tun kafin gari ya gama wayewa ma'aikata sun shiga kunyoyi da almakashi a hannu, domin inabin da aka tsinka da sanyin safiya ya fi wanda rana ta dafa. Taraktoci na jan akwatuna a kan hanya, motoci na biye da su a hankali, ƙamshin ruwan inabin da aka matse ya cika unguwa. Daga ƙarshen Janairu zuwa ƙarshen Maris, wannan ita ce kakar mutanen Stellenbosch da Paarl da Franschhoek, kuma ita ce lokacin da baƙi ke yin dafifi.

Yankin ya yi suna ne da giyar inabi, babu wani ɓoye-ɓoye a kan haka, kuma bukukuwan ɗanɗana ta su ne ke jawo yawancin masu zuwa. Wannan ya sa matafiya da yawa daga wajenmu, in sun je Cape Town, sukan hau dutsen Table, su tsallaka tsibirin Robben, su juyo gida ba tare da sun leƙa kwarurukan da ke bayan birnin ba. Asara ce. Wanda bai taɓa kai giya bakinsa ba, kuma ba shi da niyyar yi, zai iya kwana uku a can ya dawo da abin ba da labari, in dai ya san lokacin zuwa, ya kuma san abin da ke cikin kofi da kwanon da aka ajiye masa.

Wuraren ba su da nisa da juna. Constantia tana cikin Cape Town ma, kimanin kilomita 20 daga tsakiyar birni. Stellenbosch kilomita 50 ce, Paarl 60, Franschhoek kuwa wajen 75. Robertson ce ta ɗan yi nisa, kusan kilomita 160, tafiyar awa biyu. Mai kwana uku ya fi kyau ya sauka a Stellenbosch, garin da gwamnan Turawan Holan, Simon van der Stel, ya kafa a 1679, domin daga nan ko'ina kusa ne, ga kuma jami'a da ɗalibai da suka sa garin ba ya mutuwa da yamma. A nan ne aka fara tsara hanyar zagayen gonakin inabi a 1971, lokacin da masu gonakin Simonsig da Spier da Delheim suka haɗa kai suka buɗe ƙofofinsu ga baƙi.

Kowane lokaci da irin nasa. Fabrairu da Maris ne ake bukukuwan girbi: gonaki da dama sukan ba baƙo kwando da almakashi ya tsinka da hannunsa, yara su shiga cikin rabin ganga suna tattake inabi da ƙafa, a shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itatuwa a ci abinci. Amma zafin ba na wasa ba ne. Paarl takan kusanci digiri 40 a Fabrairu, ga wata iska mai ƙarfi daga kudu maso gabas da mutanen wurin ke yi wa laƙabi da likitan Cape, wadda kan raba mutum da hularsa. Afrilu da Mayu ganye ya juya ja da rawaya, jama'a sun ragu, kuɗin masauki ya sauko. Ga wanda hutu da kallo suka kai shi, babu lokacin da ya kai wannan. Daga Yuni zuwa Agusta sanyi ne da ruwan sama, wani lokaci har da dusar ƙanƙara a kan duwatsu, sai dai a tsakiyar Yuli Franschhoek takan cika maƙil saboda bikin Bastille, inda garin ke tuna asalinsa: Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga tsanantawar addini suka iso a 1688, har sunan garin ma ma'anarsa kusurwar Faransawa. A Oktoba mutanen Robertson kan yi nasu bikin a bakin kogin Breede, sannan wajen ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba Franschhoek ta sake yin na giya mai kumfa. Ranakun kan canza daga shekara zuwa shekara, tikiti kuma kan ƙare da wuri, saboda haka sai an bincika kafin a yanki na jirgi. Tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu kuwa hutun 'yan ƙasa ne, komai ya yi tsada, hanyoyi sun cushe.

Yadda ake ɗanɗanon ba wani abin ɓoye ba ne. Ana biyan kuɗi kaɗan, a zaunar da mutum, a zuba masa kurɓi-kurɓi na kala huɗu ko biyar ɗaya bayan ɗaya, ma'aikaci na bayanin irin inabin da ƙasar da aka shuka shi da watannin da ya yi yana tsimuwa a gangar katako. Akwai kasko a kan tebur da masu sana'ar ke tofarwa a ciki don kada ta bugar da su. Sunaye biyu ne baƙo zai fi ji: Chenin Blanc, farin inabin da aka fi shukawa a ƙasar, da Pinotage, wanda Farfesa Abraham Perold ya samar a Stellenbosch a 1925 ta hanyar auren iri biyu. Doka ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 18 ba. Mai sha kuma kada ya yi gangancin riƙe sitiyari bayan ya zagaya gonaki biyu ko uku: ana tare motoci a hanyoyin nan, mizanin doka kuma ƙarami ne, giram 0.05 a cikin mililita 100 na jini.

Ga Musulmi kuwa maganar tana buƙatar natsuwa. Malamai da yawa sun hana zama a teburin da ake shan giya, ko da mutum ba ya sha, kuma wanda ya riƙe wannan bai kamata wani ɗan rakiya ya matsa masa ba. Abin sauƙin shi ne a manyan gonaki ɗakin ɗanɗano daban yake da lambu da gidan tarihi da shagon kayan gona, mutum na iya wuni bai taka ƙofarsa ba. Gonaki da yawa suna sayar da ruwan inabi zalla wanda bai tsimu ba, ja da fari, wasu ma sukan jera shi kala-kala don yara da marasa sha. Inda ake zamewa shi ne kwalbar da aka rubuta cewa an cire mata barasa: asalinta giya ce, kuma tana iya ɗauke da har kashi 0.5 cikin ɗari. A karanta takardar jikin kwalba da kyau. A gefen hanya kuma, a nemi hanepoot, wani inabin ci mai zaƙi kamar zuma da ke fitowa a ƙarshen kaka.

Abinci ya fi abin sha wuyar sha'ani. Masu dafa abinci a gonakin nan sukan zuba giya a miya da romo da kayan zaƙi ba tare da an rubuta ba, farantin cuku da busasshen nama da ake kawowa kuma sau da yawa akwai naman alade a ciki. Har burodin kaka mai daɗin nan da ake kira mosbolletjies, asalinsa da ruwan inabin da ya fara tsimuwa ake kumbura shi. Tambaya ba abin kunya ba ce a nan, ma'aikatan sun saba da ita, domin Musulmi sun fi shekara 300 a yankin. Sai dai a bambanta gidan abincin da ke da takardar shaidar halal daga hukuma irin MJC ko SANHA, da wanda kawai ya ce yana maraba da masu cin halal, alhali tukunya ɗaya ce da wuƙa ɗaya. Dabarar da ta fi kwantar da hankali ita ce a yi guzuri daga Cape Town, daga Bo-Kaap ko Athlone: sambusa, da bobotie, wato niƙaƙƙen nama mai kayan ƙamshi da aka gasa da ƙwai a sama, da koesister, soyayyen ƙulli mai kwakwa da ake ci da safiyar Lahadi. Amma a fara tambaya, don ba kowace gona ce ke barin a shigo da abincin waje ba.

Abin kallo yana da yawa. Babylonstoren, tsakanin Paarl da Franschhoek, gona ce tun 1692, tana da lambun hekta uku da rabi mai iri sama da 300 na abin ci da na magani, kuma duk manomin da ya shiga zai tsaya yana nazarin yadda suke zagaya da ruwa ta ƙananan magudanai. A Vergelegen, kusa da Somerset West, akwai itatuwan kafur guda biyar da aka dasa wajen 1700, har yau suna tsaye a gaban gidan. Fairview ta Paarl ta shahara da cukun akuya da wata hasumiya da awakin ke hawa suna leƙo baƙi, yara ba sa son barin wurin. A kan hanyar Paarl zuwa Franschhoek ɗin nan ne kuma gidan yarin da Nelson Mandela ya fito daga cikinsa ranar 11 ga Fabrairu, 1990. A da Victor Verster ake kiransa, yanzu Drakenstein, ga mutum-mutuminsa a ƙofa ya ɗaga dunƙulallen hannu.

Fararen gidajen gonakin masu rufin ciyawa suna da kyau ƙwarai, amma bai dace baƙo ya ɗauki hotonsu ya wuce bai san hannun da ya gina su ba. An fara matsar inabi a Cape ranar 2 ga Fabrairu, 1659, a zamanin Jan van Riebeeck, kuma daga nan har zuwa soke bauta a 1834 bayi ne suka riƙe gonakin, waɗanda aka kwaso daga tsibiran Indunusiya da Indiya da Madagaska da Mozambik. Bayan bauta sai aka ci gaba da wata muguwar al'ada da ake kira dop, inda ake biyan ma'aikaci wani ɓangare na ladansa da giya. An haramta ta a farkon shekarun 1960, amma ta ci gaba a wasu gonaki har cikin shekarun 1990, kuma tabonta bai goge ba: yankin na cikin wuraren da aka fi haihuwar yara masu nakasar da shan giyar uwa mai ciki ke jawowa a duk duniya. A 2012 ma'aikatan gonakin inabin ci na De Doorns suka yi yajin aikin da ya girgiza yankin, har aka ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga rand 69 zuwa 105. Wanda ya san wannan ba zai yi ƙyashin ba ma'aikacin da ya yi masa hidima ihsanin kashi 10 zuwa 15 na kuɗin abinci ba, kamar yadda aka saba a ƙasar, kuma zai nemi izini kafin ya ɗauki hoton masu tsinka.

Cikin waɗanda Turawan Holan suka kawo da ƙarfi har da malamai da sarakunan da suka yi musu turjiya a gabas. A bakin ƙofar gonar Klein Constantia, a gefen wani rafi cikin itatuwa, akwai hubbaren Shehu Abdurrahman Matebe Shah, wanda aka kawo daga Sumatra a 1668. Mutanen Cape suna kiran irin waɗannan hubbarori kramat. Daga nan zuwa Groot Constantia, gonar da Van der Stel ya kafa a 1685, 'yar tafiya ce kaɗan, ana iya haɗa su a safiya guda.

Maganar salla: Stellenbosch tana da tsohon masallaci a titin Banhoek, Paarl ma tana da masallatai, amma a gonaki sai mutum ya tafi da dardumarsa. Wanda ya saba da fuskantar gabas ya kula, alƙibla a can arewa take, ta ɗan karkata gabas kaɗan. A tsakiyar zafi rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas, kuma duk shekarar da azumi ya faɗo daidai kakar inabi, yininsa kan yi tsawo.

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, wadda kan ɗauki lokaci, da katin rigakafin shawara, wanda ake tambaya a filin jirgi. Ana zuwa ta Johannesburg daga Legas, ko ta Adis Ababa daga Kano. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya. Tuƙi a hannun hagu ake yi, hanyar Helshoogte da ta haɗa Stellenbosch da Franschhoek kuma kwana-kwana ce a jikin dutse, don haka wanda bai saba ba gara ya ɗauki direba na yini. A Franschhoek akwai ƙaramin jirgin ƙasa da motocin bas da ke zagaya gonaki tun 2012, ana sauka inda ake so a sake hawa na gaba. Da safe ya fi natsuwa, don da la'asar wasu fasinjojin sun riga sun sha. Kada a bar jaka ko waya a kan kujerar mota, kada kuma a tsaya a gefen babbar hanyar N2 da dare.

Ranar komawa, wanda ya taso daga Stellenbosch ya ware awa biyu kafin lokacin jirgi ya ratse zuwa Macassar, kusa da Faure. A nan ne, kan wani tudun rairayi kusa da bakin kogin Eerste, hubbaren Shehu Yusuf na Makassar yake, malamin da aka kawo gudun dole a 1694 tare da mabiya 49, aka ajiye shi a gonar Zandvliet don a nesanta shi da bayin birni, ya rasu a 1699. Duk hutun Ista Musulmin Cape kan kafa tantuna a gindin tudun su kwana. A sauran ranaku wurin shiru yake, sai iskar teku. Ana cire takalmi a ƙofa, mata su rufe kai, daga nan kuma zuwa filin jirgin sama bai kai rabin awa ba.