Wasiƙar Nasiha Ga Matasan Arewa Kan Riƙon Littafi

Zuwa ga samari da ƴan mata na Dogon Dutsi da Tibiri da sauran garuruwan Arewa, wato ƙasar Arawa da ke kwance a kwarin Dallol Mawri cikin jihar Dosso ta Nijar.

Abin da ya jawo wannan wasiƙa shi ne wata ɗabi'a da ta yi jijiya a tsakanin ƴan lakwal, inda ake ɗaukar littafi a matsayin kayan jarrabawa kawai, ta yadda da zarar an fito da sakamakon BEPC ko na BAC sai a tattara littattafai a jefa bayan akwati. Wanda ya yi haka ya rabu da karatu a daidai lokacin da ya sami ƴancin zaɓar abin da zai karanta, alhali a wannan lokacin ne littafi yake fara zama nasa.

Matashin Arewa yana da dalili na musamman da zai sa ya ƙi wannan ɗabi'a, domin ƙasarsa ta shiga littattafai tun da daɗewa, kuma mafi yawan waɗanda suka rubuta ta ba ƴaƴanta ba ne. Turjiyar da Sarauniya Mangu ta Lugu ta yi wa rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine a 1899 ta kai kunnen duniya ne ta hanyar ƙagaggen labari, wato labarin da marubuci yake ginawa kan abin da ya faru yana ƙara nasa, wanda Abdoulaye Mamani ya wallafa da Faransanci a 1980, kuma daga gare shi Med Hondo ya shirya fim a 1986. Kafin nan, a 1970, Bafaranshe Marc-Henri Piault ya fitar da nazarinsa kan tarihin Mawri, wanda ya dogara ƙwarai da abin da dattawan ƙasar suka faɗa masa da baki. Ƙagaggen labarin da nazarin duka suna da daraja, amma ba su da nauyi ɗaya, kuma wanda bai saba da karatu ba yakan ɗauki abin da ya gani a fim tamkar shaidar gani da ido. Mai karatu kuwa yana iya ajiye littafin Mamani kusa da abin da tsofaffin Lugu da Matankari suke bayarwa, ya gane inda suka haɗu da inda alƙalami ya yi ado.

Ba Faransanci ne kaɗai ƙofa ba. Kundin da mahukuntan Nijar suka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma littattafan Abubakar Imam, irin su Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, suna hannun masu karatu tun shekarun 1930, ga kuma rubutun ajami da almajiri yake iya karantawa ko bai taɓa shiga aji ba.

Gaskiya ne littafi yana da tsada kuma ba ya samuwa a kowane ƙauye, sai dai wayar da ake kallon bidiyo da ita tana ɗaukar littafi, kuma kwafi ɗaya yana isar abokai da yawa idan ana aro ana mayarwa. Saboda haka ana roƙon kowane matashi ya nemi littafi guda da ba ya cikin manhajar makaranta, ya karanta shi har ƙarshe, sa'annan ya miƙa wa ƙaninsa ko ƙanwarsa.

Wassalam.