Amsoshin Tambayoyinku: Kiwon Jatan Landen Ado a Bebeji

Jatan landen ado da aka fi kiwo a akwatin gilashi shi ne ɗan jan nan Neocaridina, asalinsa Taiwan da Sin, da ƙyar yake wuce santimita 3. Ana iya kiwonsa a Bebeji, kamar yadda wani mai sauraro ya tambaya, amma zafi ne babban abokin gabansa. Yana son ruwa mai digiri 20 zuwa 26, alhali a watan Afrilu zafin Kano kan haura 40. Sai a ajiye akwatin a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga, fanka na kaɗa saman ruwan.

Ruwan Dam ɗin Tiga ba a zuba shi kai-tsaye a akwatin, domin yakan zo da tsutsar mazari mai cinye ƙananan jatan lande. Tagulla guba ce ga jatan landen, haka ma maganin sauro da aka fesa a ɗakin.

Mace kan ɗauki ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta, tana yi musu fifita da ƙananan ƙafafunta mako 3 zuwa 4. 'Ya'yan kan fito sak iyayensu, suna kiwon gansakuka. Ba a haɗa su da karfasa ko tarwaɗa.