Ruwan Kwata Ma Yana Ba da Labari

'Yan'uwa manoma, likita yakan auna fitsarin mutum ya gane ciwonsa. Haka ake auna ruwan kwata a gane ciwon gari duka.

A Kano an soma wannan aiki a 2011 saboda shan inna. Akan ɗebi kamar lita 1 daga babbar kwata, a sa cikin ƙanƙara, a kai Ibadan a nemi ƙwayar cutar. Me ya sa? Cikin yara 200 da suka kamu, wajen 1 ne ƙafarsa take shanyewa. Yawancin sauran suna wasansu lafiya lau, amma ƙwayar tana fita cikin kashinsu, ta bi ruwa.

Ku tattauna a taronku: in damina ta sauka, ina ruwan salgarku yake bi? Taku nawa ne tsakaninta da rijiya?