Darasi: Hanyar abinci a cikin jikin galla

Galla ƴar ƙaramar ƙudan zuma ce wadda ba ta harbi. Tana zama cikin kogon itace ko cikin ramin bango. A ƙasashe masu zafi na duniya akwai irinta fiye da 500. Jikinta kashi 3 ne: kai, da ƙirji, da ciki.

Abincin galla iri 2 ne: ruwan zaƙi na fure, da garin fure. Ruwan zaƙi yana ba ta ƙarfin tashi. Garin fure yana gina jiki.

Galla tana tsotsar ruwan fure da harshenta. Ruwan ya bi maƙogwaro, wani siririn bututu da ya ratsa ƙirji, ya zuba cikin jakar zuma. Jakar zuma ba ta narka abinci. Kamar salka take: a ciki galla take ɗauko ruwan zuwa gida. In ta iso sai ta amayo shi, a zuba cikin ƴan tukwanen da aka gina da kaki da ƙaro. A nan yake nuna ya zama zuma.

Bayan jakar akwai wata ƴar ƙofa. In galla ta ji yunwa, ƙofar takan buɗe, abinci ya wuce cikin tumbi. A tumbi ne abinci yake narkewa, amfaninsa ya shiga jini. Kusa da ƙarshen tumbi akwai waɗansu siraran zaruruwa masu tace dattin jini, kamar aikin ƙoda. Dattin da tukar abinci su bi hanji, su taru a wata jaka ta ƙarshe, sannan a fitar da su.

Maganin ƙwari da ake fesa wa shuka yana shiga tumbin galla tare da ruwan fure, ya ɓata shi. Galla ta kasa narka abinci, ta mutu. To, ita ce take kai garin fure daga wani fure zuwa wani. In ta ragu, ƴaƴan mangwaro ma sai su ragu. Saboda haka manomi mai hankali ba ya feshi lokacin da itace yake fure.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin jakar zuma?
2. A ina abinci yake narkewa?
3. Don me ba a feshi lokacin fure?

Aiki

Ku zana hanyar abincin galla cikin littafinku, ku rubuta sunan kowane sashe.