Gyaran da aka yi a cikin kwantena, da ita yake tafiya

Wasiƙar wannan makon daga Farfaru ta zo, a ƙaramar hukumar Jibiya. Wani matashi ne da ya haɗa wa maigidansa, mai motocin dakon kaya tsakanin Jibiya da Maraɗi, 'yar manhajar rubuta lodi da kuɗin direbobi. Ya ce: "Injiniya, barka da aiki. Da PHP na rubuta ta, na sa ta a kwantenar Docker. Ta ƙi haɗuwa da rumbun bayanai, sai na kutsa cikin kwantenar na girka abin da babu, komai ya tashi. Da na rushe ta na sake tayarwa, gyaran nan ko alamarsa. Hoton takardun kaya ma ba ya hawa, rasit kuma kullum awa ɗaya baya yake nunawa. Ina mafita?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Matsalarka uku ce a ido, amma tushenta ɗaya.

Docker, tun fitowarta a 2013, abu biyu ta bambanta: samfuri da kwantena. Ka taɓa tsayawa wurin masu buga bulo? Samfuri shi ne ƙarfen bugu, kwantena kuwa bulon da ya fito. In ka sassaƙa rubutu a jikin bulo ɗaya, na gaba ba zai fito da shi ba, don ba ka taɓa ƙarfen ba. Abin da ka yi ke nan. Kashewa da kunnawa ba ya goge gyara, amma da zarar an rushe kwantena an buga sabuwa, samfuri ake komawa.

Don haka fayil ɗin Dockerfile shi ne wurin aikinka. Samfurin PHP na asali da gangan aka bar shi babu kaya da yawa, ko direban MySQL babu a ciki. Masu shi sun tanadi umarnin ƙari, sai ka rubuta layi ɗaya: RUN docker-php-ext-install pdo_mysql bcmath. Na haɗa maka da bcmath ne saboda kuɗi kake lissafi, naira da sefa, kuma lissafin ɗigo na yau da kullum a kwamfuta yakan bar ɗan guntun kuskure. In zai yiwu ma, ka adana naira a matsayin kwabo, lamba cikakkiya. In za ka riƙa rage girman hotuna, gd kake buƙata, shi kuma yana da sharaɗi: sai ka fara girka libpng-dev da libjpeg62-turbo-dev, ka kira docker-php-ext-configure gd --with-jpeg, sannan ka girka shi. Bayan gini ka buga php -m ka ga sunayensu da idonka.

Kada ka rubuta FROM php kawai ka wuce. Ka faɗi lamba, misali php:8.3-apache. Wanda bai faɗa ba, wata rana zai wayi gari an ba shi sabon zubi manhajarsa ta ƙi tashi. In kuma a kan 7.4 ka koyi aiki, ka sani tun Nuwamban 2022 aka daina toshe mata kafofin tsaro.

Sauran biyun duk saiti ne. Samfurin ba ya zuwa da php.ini a kunne. Kwafi biyu yake ajiyewa a /usr/local/etc/php, na gwaji da na aiki, kai za ka zaɓa. Ka kwafe php.ini-production da sunan php.ini, sannan ka yi naka ɗan fayil ka jefa a conf.d da umarnin COPY. Iyakar girman fayil da PHP ke karɓa in ba a taɓa ba megabait 2 ce, hoton wayar zamani kuwa ya fi haka. Ka ɗaga upload_max_filesize zuwa 10M, ka ɗaga post_max_size, wanda ke kan 8M, ya ɗara shi, in ba haka ba ka buɗe ƙofar ɗaki ka bar ta zaure a rufe. Agogo kuma a kan UTC yake, alhali Najeriya da Nijar duka awa ɗaya suke gaba. Ka sa date.timezone = Africa/Lagos. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: motar da aka rubuta da sha biyu da rabi na dare, rasit ɗinta jiya zai nuna, kuma ka san yadda musu kan kwanan wata ke kaiwa tsakanin direba da mai kaya.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, shi ne kuma ya fi damuna. Duk wannan gini intanet yake ci. Ku mutanen Jibiya ba sai an ba ku labari ba: a Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, taku na ciki. Manhajar da sai ta sauko da kaya daga waje kafin ta tashi, ranar da babu sabis ta mutu. Ka shigo Katsina inda sabis ke da ƙarfi, ka gina samfurin sau ɗaya, ka fitar da shi da docker save zuwa filas, har da na MySQL. A ofis docker load kawai za ka buga. Filas biyu, ɗaya a wurinka ɗaya a wurin maigida.

Tun kafin ka taɓa komai a cikin waɗannan, duba inda bayanan rumbun suke kwance. In ba ka haɗa /var/lib/mysql da ma'ajiya mai suna ba, lissafin maigidanka na iya bin hanyar da gyaranka ya bi. Yau ɗin nan ka fitar da kwafi da mysqldump, ka buɗe shi ka tabbatar lodin makon jiya na ciki, kuma sunaye masu ƙ da ɗ sun fito daidai, sannan ka fara gini.