Darasi: Allurar da Ake Yi Cikin Gaɓa Mai Kumburi

Akwai ciwon gaɓoɓi da ke sa gwiwa, ko kafaɗa, ko wuyan hannu su kumbura, su yi zafi, su sage da safe. Idan gaɓa ɗaya ko biyu suka fi damunka, likita yana iya zuba magani cikin gaɓar da allura. Magungunan duk dangin kotizon ne, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Iri uku da aka fi sani

1. Hydrocortisone: shi ne mafi sauƙi, kuma aikinsa ba ya daɗewa. Ya dace da ƙananan gaɓoɓi kamar na yatsu.
2. Methylprednisolone (Depo-Medrol): ya fi na farko ƙarfi. Yakan yi makonni yana aiki.
3. Triamcinolone (Kenacort): yana narkewa a hankali, shi ya sa yakan daɗe, wani lokaci har watanni. An fi yin sa a babbar gaɓa kamar gwiwa. Idan ya zuba ƙarƙashin fata, wurin yana iya yin fari ko ya lotsa.

Kafin allura

Ba kowane kumburi ne ke son wannan magani ba. Idan akwai mugunya ko ƙwayoyin tarin fuka cikin gaɓar, kotizon zai ƙara musu ƙarfi, gaɓar ta lalace. Saboda haka likita yakan fara zuƙo ruwan gaɓar ya duba. Kada ka yarda mai tallar magani a kasuwa ya soka maka allura a gaɓa. Idan kana da ciwon sukari, ka faɗa, domin sukari yakan hau na 'yan kwanaki.

Bayan allura

Ka hutar da gaɓar kwana 2: ban da noma, daka, ko jan ruwa a rijiya. Zafi yana iya ƙaruwa ranar farko, sa'an nan ya sauka. Amma idan ya ci gaba da ƙaruwa, ko masassara ta zo, ka koma asibiti a ranar. Ba a maimaita allura a gaɓa ɗaya kafin wata 3.

Allura tana kwantar da kumburi ne, ba ta tumɓuke ciwon. Ka ci gaba da shan ƙwayoyin da likita ya ba ka.

Tambayoyi

1. Wane magani ne ya fi daɗewa a gwiwa?
2. Don me ake duba ruwan gaɓa tukuna?
3. Wace alama ce za ta sa ka koma asibiti?